Darasi Ga Ƙungiyoyi: Kada A Ta Da Inji Ba Matatar Iska

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, hunturu ya kama. Wannan shi ne lokacin da injinan ƙungiyoyinmu suke aiki fiye da kowane lokaci a shekara. Injin sussuka yana masussuka, injin niƙa da na cashe shinkafa ba su hutawa, masu lambu kuma sun sauka fadama da injin ban ruwa. Shi ne kuma lokacin da ƙura ta fi yawa a iska. Domin haka darasinmu na wannan wata a kan wani ƙaramin abu ne wanda yake jikin kowane inji mai shan mai, watau matatar iska. Makanikai suna kiranta filta, wasu su ce iya-kilina. A ƙananan injina tana cikin wani baƙin akwatin roba ko kwanon ƙarfe, noti ɗaya ne yake riƙe da murfin.

Mu da muke zagaya ƙauyuka sau da yawa mukan buɗe wannan akwati mu tarar ba kome a ciki. In aka tambayi mai kula da injin, amsar kusan ɗaya ce ko'ina: ta toshe ne, injin ba ya ja, da aka cire ta sai ya warke. Ba ƙarya yake yi ba. Injin ya ƙara ƙarfi a ranar, kowa ya ji da kunnensa. Amma tun daga ranar nan ne aka soma cinye shi ta ciki, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Inji ya fi shan iska bisa ga mai

Mun saba auna inji da man da yake sha, gama mai ne muke saya da kuɗi. Iska kyauta ce, ba mai lissafta ta. Bari mu lissafta ta yau. Mai ba ya ƙonewa sai da iska. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai yana bukatar kusan kilo 15 na iska. Iska kuwa ba ta da nauyi, sai an tara mai yawa kafin ta kai kilo ɗaya. In aka mai da lissafin zuwa lita, za a ga kowace lita 1 ta fetur tana tafiya da kimanin lita 9,000 na iska. Duro guda lita 200 yake ci. Ashe duro 45 ke nan na iska domin lita ɗaya tak ta fetur. Injin dizal ya ma fi haka shaƙa, domin shi ba a rage masa iska, ko yana jan kaya ko yana juyawa a banza.

Ƙaramin injin ban ruwa, irin mai bakin inci biyu ko uku, yana juyi har sau 3,600 a minti ɗaya in an sake masa wuta, watau sau 60 a daƙiƙa ɗaya. A cikin awa guda yana shaƙar iska fiye da lita 10,000. Dukan wannan iska ta ƙofa ɗaya take shiga, matata kuwa ita ce mai gadin ƙofar.

Ku tuna da hancinku. Akwai gashi da majina a ciki domin su tare ƙura. Wanda ya wuni a masussuka, in ya fyace hanci da yamma, ya san launin abin da yake fitowa. Mutum yana da atishawa, yana da tari, yana iya rufe baki da rawani. Inji ba shi da ko ɗaya. Abin da ya wuce matata ya shiga ke nan.

Mene ne a cikin ƙura?

A hannu ƙura tana da laushi kamar gari, shi ya sa ake raina ta. Amma yawancinta yashi ne da ya farfashe ya zama mitsi-mitsi, farfashewar kuwa ba ta rage masa tauri ba. Masana sun jera duwatsu bisa ga taurinsu daga 1 zuwa 10. Dutsen daiman shi ne a 10. Farin dutsen da yashi yake fitowa daga gare shi yana 7. Baƙin ƙarfen silinda da alminiyum ɗin fistin duka suna ƙasa da haka. Mai shakka ya ɗebi yashi a tsumma ya goga wa kwalba, zai ga zane. Da dutse muke wasa wuƙa da lauje, ba a taɓa wasa dutse da wuƙa ba.

Hazon da yake rufe mu daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas ce take kwaso shi daga Hamada. Kaso mai yawa yana tasowa ne daga kwarin Bodele, a arewacin ƙasar Cadi. Wurin dā can ƙasan wani babban tafki ne, wanda Tafkin Cadi na yau ragowarsa ne. Farar ƙasar kwarin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu suka taru, ɓawon kuwa sinadarinsa ɗaya da na yashi. Ƙwayar wannan hazo ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, saboda haka tsumma ko ragar sauro ba su tare ta.

Masu injin cashe shinkafa su ƙara lura. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ɓuntu toka ce, tokar kuwa kusan dukanta wannan sinadari ne na yashi. Shi ya sa ɓuntu yake ƙaiƙayi a jiki, shi ya sa kuma ƙarafan cikin injin cashewa suke saurin cinyewa. Injin da yake shaƙar ƙurar ɓuntu, yashi yake shaƙa.

Yadda ɓarnar take tafiya

A cikin silinda fistin yana hawa yana sauka. A jikinsa akwai ringi, su ne suke toshe tsakaninsa da bangon silinda domin ƙarfin wuta kada ya zurare ƙasa, baƙin mai kuma kada ya hau sama. Ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, domin akwai ɗan shafen baƙin mai a tsakani, wanda bai kai kaurin gashi ba. Rayuwar inji duka a kan wannan ɗan shafe take.

To, ƙura ta shigo tare da iska ta manne a wannan mai. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin bakanike ya ga yadda ake wasa bawul: akan shafa wani maiƙo mai yashi-yashi, a yi ta murzawa har ƙarfen ya ci. Ƙura da baƙin mai in sun haɗu, wannan maiƙo suke zama. Bakanike yakan murza na ɗan lokaci ya wanke. Fistin kuwa yana murzawa sau dubbai a minti ɗaya, tun safe har yamma.

Ringin sama ne yake fara ci, sa'an nan bangon silinda, sa'an nan bakin bawul ɗin shan iska. Da sun ci, sai ƙarfin matsi ya soma zurarewa. Injin da dā jan igiya ɗaya yake tashi, yanzu sai an ja sau goma. Famfon da yake cika fangali goma da lita ɗaya, yanzu bakwai yake cikawa. Baƙin mai yana hawa sama yana ƙonewa, salansa tana fid da hayaƙi shuɗi-shuɗi, fulogi yana baƙi, kullum ana cire shi ana gogewa. Sai a ce fulogin ne ba shi da kyau, a sayi sabo, bayan mako ɗaya shi ma ya yi baƙi.

Ba a nan ta tsaya ba. Ƙurar da ta wuce ringi takan gangara cikin baƙin man da yake ƙasa, man kuwa yana zagaya ko'ina: boris, mital, karankashaf. Manyan injina suna da matatar baƙin mai wadda take rage ɓarna. Ƙananan injinan ban ruwa yawancinsu ba su da ita, duk abin da ya faɗa cikin man yana nan yana yawo har ranar juye. Garin ƙarfen da aka goge shi ma ya shiga man ya ƙara wa maiƙon kaifi. A ƙarshe, da yake injin yana ƙona baƙin mansa, wata rana man yakan yi ƙasa ba a lura ba, sai a ji ƙara, a ce inji ya buga. Ranar da ya buga akan ɗora laifin a kan wanda yake riƙe da shi a ranar. Mai laifin na gaskiya shi ne wanda ya cire matata watanni uku da suka wuce.

Ku riƙe wannan da kyau: ƙarfen da ƙura ta ci ba ya dawowa. In an mai da matata an tsai da ɓarnar, amma ba a warkar da ita ba. A ɗakin niƙa ko a masussuka kaka ɗaya tana iya mai da sabon inji tsoho.

Akwai injinan da abin ya fi yi wa sauri. Ƙaramin janareta irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, iskarsa ta ɗakin karankashaf take bi kafin ta hau silinda, saboda haka ƙura kai tsaye take sauka a kan boris. Taraktar da take da turbo kuma, farfelar turbo tana juyi da sauri ƙwarai, ƙura tana cin fikafikanta kamar yadda ruwan indararo yake cin ƙasa.

Banda ƙura, ƙofar da ba mai gadi kome yana shiga: ƙaiƙayi, ƙwaro, tsakuwa, har noti da ya kwance. Ga kuma wuta. Injin fetur wani lokaci yakan yi tari ta baya, harshen wuta ya fito ta bakin kafireto. In akwatin matata yana rufe, wutar takan mutu a ciki. In a buɗe yake, kuma injin yana zaune cikin ƙaiƙayi da karan dawa, ana iya rasa masussukar gaba ɗaya.

Abin da yake ruɗin mutane

Matatar da ta toshe tana da ƙorafi. Iska ba ta isa, mai ya yi yawa, injin yana fid da baƙin hayaƙi, yana shan mai, ba ya ja. Kowa yana gani. Amma duk da wannan ƙorafi, cikin injin lafiya lau yake, domin ƙurar tana waje. Da an wanke matatar ko an canja ta, ya koma yadda yake. Injin da ba shi da matata kuwa ba ya ƙorafi ko kaɗan, yana aiki da daɗin ji, sai ran da abin ya gama lalacewa. Wanda ya cire matata domin ta toshe, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Wannan ruɗi ba a wurinmu kaɗai yake ba, ba kuma a kan injin mai kaɗai ba. Ku ɗauki misalin ƙasashen sanyi, kamar Kanada da arewacin Amurka, inda ba a iya zama cikin gida da hunturu sai da na'urar ɗumama ɗaki. Gidajensu da yawa suna da wani murhu na ƙarfe a rufe, mai ƙona iskar gas. Wutar tana zafafa wani akwatin ƙarfe, fanka tana janyo iskar gidan ta bi da ita ta bayan akwatin ta ɗauki zafi, sa'an nan ta tura ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki. A gaban fankar akwai matata mai faɗi kamar faifai, wadda ake canjawa bayan wata ɗaya zuwa uku. Su ma akwai masu zare ta in ta toshe, su ji iska ta ƙaru, su manta. Sai ƙurar gida da gashin dabbobi da zaren tufafi su riƙa liƙewa a fikafikan fanka, ta kasa tura iska kamar dā, motarta ta riƙa zafi. Da iska ta ragu, akwatin ƙarfen yakan yi zafi fiye da kima, na'urar tsaro ta kashe wutar, gidan ya yi sanyi da tsakar dare. In aka daɗe a haka ƙarfen yana iya tsagewa, hayaƙin wuta ya sami hanyar gauraya da iskar ɗaki. A cikin hayaƙin nan akwai guba mara wari, irin wadda take kashe masu kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Can ma, kamar nan, a makon fari ba a ganin kome.

Akwai wasu dabaru da ake yi waɗanda daidai suke da cirewa. Wasu sukan huda matatar takarda da ƙusa domin ta yi numfashi. Iska kamar ruwa take, hanya mai sauƙi take bi, saboda haka ta hudar za ta bi da ƙurarta duka. Wasu sukan ɗaura safa ko ɗankwali a bakin kafireto. Wannan yana tare ƙaiƙayi, amma ƙurar da take kashe inji tana wucewa. Wasu kuma da safe, in injin ya ƙi tashi, sukan cire matata su toshe bakin da tafin hannu, ko su kanga tsumma mai fetur, in ya tashi sai a ajiye matatar a gefe a ce sai an jima. An jiman nan ba ta zuwa. Injin da sai an yi masa haka kafin ya tashi yana da wata cuta, a nemi bakanike.

Matata iri uku ce

Ta fari ita ce ta soso. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a matse a tafin hannu, kada a murɗe ta kamar wanki domin takan yage. A shanya a inuwa har ta bushe sarai. Sa'an nan a tsoma ta a sabon baƙin mai, a matse sosai har ya daina ɗiga. Man nan shi ne majinar hancin inji, busasshen soso rabin aiki yake yi. In man ya yi yawa kuma injin zai yi hayaƙi. Kada a wanke da fetur, gama yana kama wuta. Soso yana tsufa. In aka murza shi aka ga yana marmashewa, a jefar, domin injin zai haɗiye gutsattsarinsa.

Ta biyu ita ce ta takarda mai ninki-ninki. Ruwa ba ya taɓa ta, mai ba ya taɓa ta. A bubbuga ta a hankali a kan katako ƙurar ta zube. In za a busa ta da iska wurin mai faci, a busa daga ciki zuwa waje, a tsaya nesa kaɗan, domin iska mai ƙarfi tana fasa takardar. Kada a goge da buroshi, yana tura ƙurar cikin takardar ne. Bayan haka a shiga ɗaki mai duhu a sa tocila a cikinta. In haske ya fito ta wani wuri kamar tsinin allura, ta gama aiki. A duba kuma robar bakinta, domin matata mai kyau wadda ba ta zauna daidai ba, ƙura ta gefenta take bi. Injina da yawa suna da biyun a haɗe, soso a waje, takarda a ciki. Littafin Honda na ƙananan injinansu ya ce a tsabtace matata bayan awa 50 na aiki, a canja ta takarda bayan awa 300 ko shekara ɗaya, a wuri mai ƙura kuma a riƙa yi akai-akai fiye da haka. Ya kuma faɗa a fili cewa ɓarnar da rashin matata ya jawo ba ta cikin alkawarin gyara na kamfani. A hunturunmu, ni dai shawarata a duba kowace safiya kafin a ja igiya.

Ta uku ita ce mai kwanon mai, wadda ake samu a injinan dizal na niƙa da tsofaffin taraktoci. A ganina ita ce ta fi dacewa da ƙauye, domin ba ta bukatar a sayo kome daga birni sai baƙin mai da kananzir. Ga yadda take aiki. Iska tana gangarowa ta bututu da gudu, ta iske mai a kwano, dole ta juya ta hau sama. Ƙura mai nauyi ba ta iya juyawa da sauri haka, sai ta faɗa cikin man. Ragowar kuma ta manne a wata ragar ƙarfe mai jiƙe da mai, man ya riƙa wanke ta yana komawa kwano. A jikin kwanon akwai layi. Mai ya tsaya a kan layin daidai. In ya yi ƙasa, ba ta tace kome, kwano ne kawai. In ya wuce layi, injin yana zuƙar man, injin dizal kuwa yana iya ƙona baƙin mai kamar dizal, ya yi ta gudu ya ƙi mutuwa ko an rufe masa mai. A sa yatsa a ƙasan kwanon, in an ji laka, a zubar, a wanke kwano da raga da kananzir, a bari su tsane, a zuba sabo. Kada a zuba tsohon man da aka juye daga inji, ya riga ya ƙoshi da datti.

Game da tarakta, kalma biyu. In tana da matata biyu, babba da ƙarama a cikinta, ƙaramar ba a busa ta, ba a bubbuga ta, canja ta ake yi. In kuma tana da alamar da take nuna ja sa'ad da matata ta toshe, a bi alamar. Yawan buɗewa ba dalili shi ma ɓarna ne, gama kowace buɗewa ƙura tana samun hanya, kuma matatar takarda da ta ɗan ɗauki ƙura ta fi sabuwa fil tacewa. Kwanon roba da yake kan bututun shan iska, shi ne ake zazzagewa kullum.

Duk irin da ake da ita, kashe inji ake yi kafin a buɗe. A goge murfin da kewayensa tukuna. In matatar za ta daɗe a waje, a toshe bakin da tsumma mai tsabta, a kuma tuna a cire shi.

Inda aka kafa inji

Rabin wahalar matata daga wurin zaman inji take. A ƙauyuka da yawa injin dizal da bakin niƙa suna ɗaki ɗaya mara taga, gari yana tashi har ba a ganin fuskar mai niƙa. A irin wannan ɗaki ba matatar da za ta kwana biyu ba ta toshe ba. In ƙungiya za ta gina ɗakin niƙa, a raba shi biyu da bango, inji a gefe ɗaya, a bar ƙaramar kafa domin bel. In an riga an gina, bakanike yana iya jan bututu ya fid da matatar waje, sama da tsayin mutum, nesa da bakin salansa, a yi mata hula saboda ruwan sama. Bututun ya fi na asali faɗi, kada ya yi lanƙwasa da yawa, mahaɗinsa kuma a ɗaure shi tam. Shi ma mai niƙan, huhunsa ba na ƙarfe ba ne, a saya masa abin rufe hanci.

A masussuka a dubi inda iska take kaɗawa, a sa injin ta wajen da take fitowa, ƙaiƙayi ya tafi gaba. A fadama kada a dasa famfo a kan busasshen turɓaya. A ɗora shi a kan katako, a yayyafa ruwa kewaye da shi, ruwan ai yana kusa.

Da damina, sa'ad da aka ajiye injin ban ruwa, ɓera yakan ci soso, zanzaro kuma yakan yi gininsa na laka cikin akwatin matata. A rufe injin da kyau. Ranar da aka fito da shi a buɗe akwatin a duba kafin a ja igiya, in ba haka ba ginin zanzaron cikin silinda zai ƙare.

Abin da ya rage ga ƙungiya

Injin mutum ɗaya ya fi injin ƙungiya daɗewa, mun sani, dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Yaron da aka ɗauka yana niƙa, a kan cinikin rana ake biyansa. In ya tsaya wanke soso ya jira ya bushe, mata suna tsaye da ƙwaryar hatsi, shi ne ya yi hasara. In injin ya buga bayan wata uku, ƙungiya ce ta yi hasara. Haka injin ban ruwa da yake yawo daga lambu zuwa lambu, kowa so yake ya gama nasa ban ruwa ya miƙa wa na gaba. Faɗa ba zai gyara wannan ba. Abin da zai gyara shi ne a sayi matata biyu ga kowane inji, ɗaya tana aiki ɗaya tana bushewa, yadda canji ba zai ci minti biyar ba.

Ma'aji yakan ce ba kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowace ƙungiya tana ƙirga lita, gaskiya ne. Amma sai a sa farashin matata a hannu ɗaya, a ɗaya hannun a sa ringi, fistin, gaskit, boris, ladan bakanike da kuɗin mota zuwa birni. A ƙara da man da injin da ya ci ringi yake sha a banza kowace rana. Sa'an nan a tambayi masu tumatir da albasa abin da zai faru in famfo ya kwana biyar wurin gyara lokacin da tumatir yake fure. Tun da ƙananan famfuna suka maye gurbin jigo a fadamunmu daga shekarun 1980, lambuna sun faɗaɗa har ba mai iya shayar da su da guga.

A ajiye ɗan littafi tare da kowane inji. Wanda ya karɓa ya rubuta ranar da awa nawa ya yi, a buɗe akwatin matata a gaban mai bayarwa da mai karɓa. In injin ya taɓa yin aiki ba matata, ko na wuni ɗaya ne, a juye baƙin mansa nan da nan tun yana da ɗumi, kada a jira lokacin juye.

A taronku na gaba ku kawo injin ƙungiya tsakiyar jama'a. A cire matata, a naɗa farin tsumma a yatsa, a shafa cikin bututun da yake bayanta, wanda yake shiga inji. In tsumman ya fito da tsabta, matatar tana aikinta. In ya fito da ƙura, akwai inda take zurarewa: ko huda, ko roba ta saki, ko murfi ya tsage, ko kuwa ana ta da injin ba matata sa'ad da kwamiti ba ya nan. Irin wannan gwaji za ku yi wa kowane tsohon inji kafin ƙungiya ta biya kuɗinsa. Wanda aka aika sayen sabuwar matata kuma ya tafi da tsohuwar a hannu, ya gwada tsawo da faɗi da robar baki tun a shago, domin akwai jabu da yawa a kasuwa, masu takarda sharara da ninki kaɗan.